Magini ya ce mu haƙa sokawe har sai mun tarar da ruwa, ku ba ni shawara

Dan_Kumbotso:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu sana'ar gini da waɗanda suka riga mu tarewa a gidajensu. Ginina ya kai linta, fuloti ne na awon igiya, ƙafa 50 a 75, can bayan Kumbotso. Yanzu maganar sokawe ta taso. Maginina ya ce a haƙa rami guda mai zurfi, a yi ta tafiya har sai an tarar da ruwa, wai in ramin ya haɗu da ruwan ƙasa ba zai cika ba har jikokina. Ɗan ƙanwata da ya karanci gini kuma ya ce kada in yarda, a yi tanki daban, wurin da ruwa zai tsotse daban. Ga kuma rijiyar maƙwabcina, daga inda magini ya zana ramin zuwa bakinta taku 14 na ƙirga, kuma ita kusan duk layin ke sha. Mu goma ne a gidan har da tsohuwata. Wanne zan ɗauka? Batun kuɗi dai kun san halin da ake ciki.

Bakatsine82:
Wa alaikumus salam. Maginin nan gaskiya ya faɗa maka, ba zai cika ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne inda kayan za su riƙa tafiya. Rijiyar maƙwabcin naka ce za ta zama sokawenka na biyu.

Magini_Tun_Jiya:
Ku dai 'yan boko komai sai kun kawo masa takarda. Shekarata 26 ina riƙe da cokalin gini, sokawen da na haƙa ba su ƙirguwa, kuma duk wanda na kai masa ga ruwa har yau gaisuwa yake aiko mini. Wanda aka yi wa gajere kuwa, shekara biyu sai ka ga mota a ƙofar gidansa ana zuƙa, unguwa ta ɗauki wari. Malam Dan_Kumbotso, bi maganar magininka, shi ya taɓa ƙasar da hannunsa.

TsohonDubaGari:
Malam magini, da girmanka, amma wannan ba ta ɗauku ba. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, kuma abin da kake yabo shi ne ya fi ba mu wahala. Mai gida yana aiko maka gaisuwa don raminsa bai cika ba, maƙwabcinsa kuma yana asibiti da yara ana ƙara musu ruwa, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ƙa'idar da ake aiki da ita ko a sansanin 'yan gudun hijira ita ce tsakanin ramin bahaya da rijiya kada ya gaza mita 30, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Ka ga ke nan abin da magini yake so a yi kishiyar ƙa'idar ne sak. Taku 14 ko mita 12 bai kai ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauci suna cikin inda ta fi ɓarna. Ban ce duk sokawe ne ya jawo ba, amma hanyar cutar guda ce, daga bayan gida zuwa ruwan sha.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Mu fa rijiyarmu da sokawe katanga ce kawai tsakaninsu. Amma ruwan garau yake, ba wari ba komai.

TsohonDubaGari:
'Yata, ido ba ya ganin ƙwayar cuta, hanci ma ba ya jin ta. Ki riƙa tafasa na sha ko ki sa masa maganin tace ruwa, musamman da damina. Wanki da wanka ba laifi.

Injiniya_SB:
Bari in ɗan tsawaita, don na lura mu duka abu biyu muke kira da suna ɗaya. Abin da muke ce wa sokawe a haƙiƙa aiki biyu ne.

Na farko tanki. Shi ana so ya zama kamar randa, ba ya yoyo ko kaɗan, a zuba masa kankare a ƙasa, a yi masa filasta ciki. Ana raba shi gida biyu, na farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku, na biyu kashi ɗaya. Aikinsa ya riƙe abin da ya shigo aƙalla kwana guda cur, mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ƙwayoyin halitta da ke rayuwa ba iska su yi ta cin na ƙasan suna rage shi. Ruwan tsakiya ne kaɗai ake so ya fita, shi ya sa ake sa wa bututun shiga da na fita gwiwa mai baki biyu wadda ƙafarta ta nutse cikin ruwan, kuma na fita ya ɗan fi na shiga ƙasa.

Na biyu shi ne wurin tsotsa. Ruwan da ya fito daga tanki fa ba mai tsabta ba ne, dattin da ido ke gani kawai ya rabu da shi. Mai tace shi na gaske ita ce ƙasa, amma busasshiyar ƙasa mai iska a tsakanin ƙwayoyinta. Ruwan yana ratsa ta sannu a hankali, ƙwayoyin cuta suna maƙalewa suna mutuwa. Da zarar ka haƙa ka kai ga ruwa, ka tsallake matatar gaba ɗaya, ka zuba ɗanyen abu a cikin ruwan da kowa ke ja da guga.

Kuma abin da ke sa rami guda ya cika da wuri, wanda Malam Magini_Tun_Jiya ya ambata, ba rashin zurfi ba ne. In komai da komai yana faɗawa rami ɗaya, kashi da maiƙo suna liƙe bangon, wani baƙin yauƙi ya shafe shi kamar an yi masa daɓe, ƙasa ta daina sha. Ko a wurin tsotsa mai tanki wannan yauƙin yana fitowa, amma siriri ne, har ma yana taimaka wa tacewa. Matsalar sai ya yi kauri.

Magini_Tun_Jiya:
Injiniya na ji, amma rami biyu kuɗi biyu ne. Bulo, rodi, siminti, murfin kankare biyu. Mutumin da ya ce maka ka san halin da ake ciki.

Falamba_Zariya:
Araha ba ta ado, Baba. Ni ake kira in abin ya ɓaci, don haka na san ƙarshen labarin. Kuma ramin tsotsa ba ya cin kayan da kake tsammani. Ba a yi masa filasta, ba a zuba kankare a gindinsa, bulon ma tsallake-tsallake ake jera shi a bar ƙofofi kamar saƙar zuma, a cika bayansa da tsakuwa. Sama kawai, kamar ƙafa biyu zuwa uku, ake toshewa sosai don kada ruwan sama da ɓera su shiga. Abin haushi, na sha zuwa gida in tarar magini ya yi abin a juye: tankin ya bar shi yana yoyo, ramin tsotsan kuma ya shafe shi da siminti sumul don ya burge mai gida.

Bakatsine82:
Hahaha, wannan ai gidan yayana ka je.

DanMaradi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Mu nan wajenmu ƙasar yashi ce mafi yawa, ruwa na shanyewa nan da nan, shi ya sa mutane ba su cika damuwa ba. Amma unguwannin da ke gangaren Gulbi ruwa kusa yake, in damana ta yi damana sai ka ga masai ya tumbatsa. Wani ɗan uwana kuma a Damagaram dutse ya hana shi sakat, ya haƙa ko zurfin gaba guda bai kai ba ya tarar da fa. To shi wace dabara ta rage mishi?

Injiniya_SB:
DanMaradi, tambayarka ta kawo mu inda nake so. In ba za a iya tafiya ƙasa ba, ko don dutse ko don ruwa na kusa, sai a tafi a kwance. Ana haƙa dogon rami kamar na fandisho, faɗinsa santimita 60 zuwa 90, zurfinsa kamar mita guda. A zuba wankakkiyar tsakuwa, mai girman goro ko ta ɗan fi, ba mai gari ba. A shimfiɗa bututu mai inci 4 wanda aka huhhuda, hudojin suna kallon ƙasa da gefe. Gangarensa kaɗan ne ƙwarai, kamar santimita 1 a kowace mita 2, don in ya yi gangare da yawa duk ruwan zai ruga ƙarshe ya taru wuri ɗaya. A ƙara tsakuwa ta rufe bututun, a shimfiɗa wani yadi na musamman da ruwa ke ratsawa amma ƙasa ba ta ratsawa, sannan a mayar da ƙasa. Layi ɗaya kada ya wuce mita 30. In layi biyu ne ko uku, a bar tazarar ƙasa da ba a taɓa ba a tsakaninsu, a gina ɗan akwati a bakin tanki wanda zai raba musu ruwa daidai wa daida.

Na kwance ya fi na tsaye tacewa, domin ƙasar sama ta fi iska da rai. Aibinsa guda, yana cin fili.

Abu biyu da leburori ke ɓatawa: haƙa ramin a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai laka, shebur ya goge bangon ya yi santsi, da kuma tattake gindin ramin da ƙafa. Duka suna toshe ƙofofin ƙasar tun kafin a fara amfani. In bango ya yi santsi a kakkarce shi da manjagara.

Mazaunin_Ohio:
Abin da Injiniya ya bayyana shi ne ake yi a nan Amurka. Mutane suna zaton ko'ina babban bututun gwamnati ne, alhali kusan gida ɗaya cikin biyar tankinsa ne a bayan gida. Gidan da nake ciki a wajen gari yake, bara aka sake mana filin tsotsan don tsohon ya mutu, ciyawar wurin ta yi kore shar, ƙasa ta riƙa lumtsawa. Ban ga tsakuwa ko tifa ɗaya ba. Wasu robobi suka kawo masu kama da rabin ganga da aka tsaga a tsaye, ƙasansu a buɗe, gefensu da tsaga-tsaga. Aka kife su a cikin ramin, ana maƙala wannan a bakin wancan har ƙarshen layi, aka toshe ƙarshen da murfi, aka mayar da ƙasa. Ruwa na shiga ƙarƙashin rumfar ya bazu a kan ƙasa kai tsaye. Mutum ɗaya ma yana ɗaukar guda. Amma kafin a taɓa ƙasa sai da ma'aikacin lafiya ya zo ya duba irin ƙasar, aka ba da takardar izini, kuma bai bari an rufe ramin ba sai da ya dawo ya gani da idonsa. Shawarar da hukumarsu ta muhalli ke bayarwa a zuƙe tanki duk shekara 3 zuwa 5, ko bai nuna alamar cika ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To Alhaji na Amurka sai ka cika mana kwantena da robobin, mu ma mu huta.

Falamba_Zariya:
Ba sai an jira kwantena ba Hajiya. Na taɓa yin irinsa da bulo a wata makarantar kwana, layi biyu na bulo mai ƙofofi, muka rufe da ƙananan silab. Dabarar ɗaya ce. Sai dai Mazaunin_Ohio bai faɗa mana girman filin gidansa ba, na tabbata ba 50 a 75 ba ne.

Mazaunin_Ohio:
Ka kama ni. Filin tsotsan kaɗai ya kusa fulotin Dan_Kumbotso.

Dan_Kumbotso:
To kun gani. Ni in na cire ɗakuna da tsakar gida, abin da ya rage ko akuya biyu ba za su sake ba. Injiniya, ta yaya zan san girman da nake buƙata?

Injiniya_SB:
Abu biyu za ka yi, kuma duka ba sa cin ko sisi.

Na ɗaya, rijiyar maƙwabcin nan da kake ganin matsala, ita ce ma'auninka. Je ka tambaye shi, a tsakiyar damina, wajen Agusta zuwa farkon Satumba, gaba nawa guga ke tafiya kafin ya taɓa ruwa. Kada ka yi aiki da na rani. Yawancin masu kuka da sokawe a watan Maris suka haƙa, lokacin da ruwa ya gudu ƙasa.

Na biyu, ka gwada ƙasar. A inda za a yi aikin, a sauka zuwa zurfin da bututu zai zauna, a nan a haƙa ɗan rami santimita 30 faɗi, 30 tsawo, 30 zurfi. Ka cika shi da ruwa da yamma ka bar shi ya kwana, don ƙasar ta ƙoshi. Da safe ka sake cikawa, ka kafa sanda mai alama, ka duba agogo: minti nawa ruwan ke ɗauka daga kashi uku cikin huɗu ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, wato santimita 15. Ka maimaita sau uku. A ƙa'idar Ingila, in ya zuƙe a ƙasa da kamar rabin sa'a, ƙasar ta cika sauri, ruwan zai wuce bai tacu ba. In ya haura sa'a huɗu, ƙasar ba ta sha, neman wata hanya ya kama ka.

Lissafi kuma ga shi a sauƙaƙe. A alƙaluman da muke aiki da su, kowace murabba'in mita ta bangon rami tana shan kamar lita 50 a rana in yashi ne, lita 30 in jigawa ce mai ɗan haɗi, lita 20 in ta fara laka, lita 10 in yumɓu ne. Mu ɗauka ku goma kowa na zubar da lita 60, lita 600 ke nan a rana. A ƙasa mai shan 30 kana buƙatar bango murabba'in mita 20. Zagayayyen rami mai faɗin mita 2, wanda ke da mita 3 daga bakin bututu zuwa gindi, yana ba ka kusan 19. A yumɓu kuwa 60 kake nema, rami uku ke nan. Ba ma lissafa gindin ramin, don shi ke fara toshewa.

DanYerwa:
Maganar yumɓu ta tuna mini. Ku da ba ku san firgi ba ku gode wa Allah. Gabas da Maiduguri, wajen Dikwa zuwa Gamboru, baƙar ƙasar nan da rani tsagewa take har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura ta riƙe ruwa kamar kwano. Wanda ya gwada ta da rani zai ce ta fi yashi sha, don ruwan tsagar yake bi. Shi ya sa jiƙa ramin ya kwana da Injiniya ya ce ba wasa ba ne. Sannan ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ta nuna mana wani abu: duk murfin sokawen da ke daidai da ƙasa ko ƙasa da ita, ruwa ya shiga ya fito da abin da ke ciki tsakar gida. Ku ɗaga bakin murfi ko da bulo ɗaya ne.

Malam_Na_Zaure:
Allah Ya kiyaye na gaba. Ni tunatarwa ce tawa ga mai tambaya. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. Haƙƙin maƙwabci ba a sallama da kai masa tuwon sallah ya tsaya ba. In ka san abin da za ka binne zai iya ɓata masa ruwan sha, ka kuma yi, to sanin nan hujja ne a kanka. Sannan tunda ana maganar ban ɗaki, a lura da alƙibla wajen dasa mazaunin.

Bakatsine82:
Malam, a cikin gini ai malamai sun yi sassauci kan alƙibla, ko?

Malam_Na_Zaure:
Akwai saɓani, a mazhabarmu ta Malikiyya an sauƙaƙa a cikin gini. Amma wanda bai riga ya dasa ba, me zai hana shi fita daga saɓanin? Mu bar wannan kada mu kauce wa tambayar bawan Allah.

Uwar_Biyu:
Ni dai tunda masana sun hallara, wata maƙwabciyata ta ce in riƙa zuba kabaid ko gishiri buhu guda, wai yana cinye kashin, ba sai an kira mota ba. Wata kuma ta ce baƙin mai.

TsohonDubaGari:
Kul! Kabaid in ya haɗu da ruwa iskar gas mai kamawa da wuta yake fitarwa, ita ce masu walda ke amfani da ita. Ramin da ma yana da tasa iskar mai kamawa, ki ƙara masa wannan, wani ya zo ya ƙyasta ashana. Baƙin mai da kalanzir kuma suna kashe ƙwayoyin da ke rage miki dattin, su liƙe ƙasa, ragowar ya gangara rijiya. Ba abin da tanki ke buƙata a zuba masa. Abin da yake buƙata a daina jefa masa: famfas ɗin yara, audugar mata, leda, tsumma, da ruwan maganin wanke masai kofi-kofi kullum.

Kuma don Allah, wannan ku isar wa kowa: kada a bar mutum ya shiga tanki don ciro waya ko gyaran bututu. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a ciki, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake, mutum ya faɗi nan take. Na taɓa zuwa gidan da mutum ɗaya ya shiga, biyu suka bi shi ceto, ba wanda ya fito da ƙafarsa. Har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Allah Ya jiƙansu. Ni darasin da na koya na kicin ne. Da muka tare, falamba ya haɗa mana ruwan wanke-wanke da na masai wuri guda. Gida mai girki da manja da man gyaɗa kullum, shekara uku ba a rufa ba ramin ya daina sha. Da aka buɗe, maiƙo ne daskare kamar sabulun salo. Yanzu ɗan akwati aka gina mini a bayan kicin, maiƙon na taruwa a sama, duk sati biyu yara su kwashe. Ruwan wanka da na alwala kuma nasu ramin daban, na dasa ayaba a gefensa, har mun ci nono biyu.

Falamba_Zariya:
Ayaba ba laifi, saiwarta ba ta tafiya nesa. Amma darbejiya da turare da mangwaro a nesanta su. Na taɓa zaro saiwar darbejiya daga bututu, tsawonta ya fi ni, ta cika shi tam kamar gashin doki. Wani kuskuren kuma, haɗa indararo da sokawe. Ruwan sama na dare ɗaya daga rufin gida ya fi abin da gidan ke zubarwa a sati, ya shiga tanki ya dama komai ya tura dattin cikin ramin tsotsa. Kuma a sa bututun shaƙar iska ya haura rufi, a ɗaure bakinsa da raga, in ba haka ba ka buɗe wa sauro gidan haya.

Dan_Kumbotso:
Na dawo. Na je wurin maƙwabcin nawa bayan la'asar, dattijo ne mai kirki, har ya ce ya ji daɗi da na tambaya. Ya ce da rani gaba biyar guga ke tafiya, amma a Agusta gaba biyu da rabi ne. Na kuma sake aunawa, in na mayar da ramin can gaban gida kusa da ƙofa, tsakaninsa da rijiyar taku 33 ne.

Injiniya_SB:
Madalla. Gaba biyu da rabi kamar mita 4.5 ke nan. Cire 1.5, gindin raminka kada ya wuce mita 3 daga doron ƙasa. Bututu zai shigo a wajen santimita 70, saura mita 2.3 mai aiki. A faɗin mita 2 bango murabba'in mita 14 ka samu, bai kai 20 ba. Ko dai ka yi biyu, ko ka bi hanyar Hajiya ka raba ruwan wanka da wanki, na masai kaɗai ya bi ta tanki. Ni na biyun zan zaɓa. Ka ga inda magini yake so ya kai ka, gaba biyar, da damina rabin ramin a cikin ruwan rijiya zai zauna.

Taku 33 kuma wajen mita 25 ne. Bai cika 30 ba, ba zan ce maka ya cika ba, amma ya ninka na da. In ƙasar gangarowa take daga rijiyar zuwa ƙofar gidanka, ya ƙara maka sauƙi, don ruwan ƙasa yakan bi gangaren sama.

Bakatsine82:
To in ya kai gaban gida, na tsallaken layi fa? Shi ba shi da rijiya? Wannan ita ce matsalar awon igiya, kowa ya nesanta da tasa ya matsa wa ta wani. Mita 30 a unguwar da fuloti ke ƙafa 50, lissafin ba ya fita ko wa ya yi shi. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, an yi murna, to amma duk masan da aka haƙa ina suke zubewa? Magana ta gaskiya, ko a kawo ruwan famfo a rufe rijiyoyi, ko unguwa ta ware fili guda a can gefe a yi na tarayya.

TsohonDubaGari:
Bakatsine, ba ka yi ƙarya ba. Amma kafin famfo ya zo, a gyara rijiyar ma: a ɗaure ta da siminti daga sama zuwa ƙasa kamar mita 3, a yi mata daɓe a kewaye da murfi, guga ɗaya a rataye. Dan_Kumbotso, in da hali ka taya dattijon da buhun siminti ko biyu. Kuma gaban gida da ka ce, cikin katangarka nake fata, ba kan layi ba. Masu fitar da sokawe waje suna cin hanya, ran da tifar yashi ta taka murfin sai labari ya canza.

Magini_Tun_Jiya:
Na karanta duka. Maganar iskar da ke kashe mutane gaskiya ce, na sani. Ta rijiya ma ban musa ba, ni dai ban taɓa ganin wanda ya zo ya ce mini ga abin da raminka ya yi ba. Amma ku rubuta ku ajiye, ramin mita 3 a gida mai mutum goma, ga baƙi ga biki ga suna, za a kira mota.

Injiniya_SB:
Za a kira, Baba, ai tankin don a zuƙe shi aka yi. Mutum guda yana tara abin da ya kai lita 25 zuwa 40 na laka a shekara, mutum goma ka ga 250 zuwa 400. In lakar ta kai kamar sulusin tankin a kira mota, kada a jira sai ta tsallaka ramin tsotsa, don shi in ya toshe zuƙa ba ta dawo da shi. A bar murfi a kan kowane gida na tankin, kuma inda tiyon mota zai kai.

Dan_Kumbotso:
Cikin katanga ne Baba duba-gari. Na tsallaken layin bohol gare shi, ban san ko shi ma da lissafinsa ba. Ranar Asabar zan yi gwajin ramin in kawo muku mintocin. Maginin nawa dai tun da na karanta masa maganganunku ya ce in kira mutanen waya su zo su ƙarasa mini ginin.

Uwar_Biyu:
Injiniya kafin ka tafi, mu da aka riga aka yi mana rami ɗaya, ana iya gina tankin a gabansa daga baya, ko sai an fasa komai?